Jaka 100 da tsohuwar kwamfutar gem: me za a fara canzawa?

Tambaya daga wani matashi a Marwa, arewacin Kamaru: "Assalamu alaikum Yaya. Ina da kwamfutar tebur Dell OptiPlex 7010, doguwar nan, ta hannu na saye ta. Furosesarta i5-3470, RAM 8GB sanda ɗaya, had dis 500GB, katin hoto GTX 750 Ti. Wasan GTA V yana tsinkewa, wani lokaci da tsakar rana kwamfutar ta mutu da kanta, wasan ƙwallo na FC 24 kuwa da ƙyar yake buɗewa. Na tara jaka 100 na sefa. Wani ya yi mini tayin katin hoto RX 580 mai 8GB da araha. In saya?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka saya tukuna. Mayar da kuɗinka aljihu ka ba ni aron kunnenka, domin a cikin tambayarka ka riga ka faɗi ciwon na'urar, sai dai ba ka lura ba.

Ka ce GTA V yana tsinkewa. To, lokacin da wasan ya fito a kwamfuta a 2015, kayan da masu shi suka ba da shawarar a yi amfani da su don ya tafi sumul su ne i5-3470, RAM 8GB da katin GTX 660. Ka ji? Furosesarka, wato sashen da ke yi wa na'urar duk lissafinta, ita ce suka ambata da sunanta. Katinka ya ɗan gaza GTX 660, amma ba gazawar da za ta sa mota ta riƙa tsayawa tsakiyar titi tana jiran gidaje su bayyana ba. Na'urar da ta kai ma'auni amma take tsinkewa, kuma take mutuwa da rana ba da dare ba, ba sabon kati take roƙo ba. Zafi ne ke cin ta, sannan had dis ɗin ya gaji. In ka cusa mata katin da ke jan wuta ninki uku na wanda ke ciki, ka ƙara wa mai zazzaɓi bargo ne.

Ni a Garwa nake wannan aiki, kuma na san abin da zan tarar idan na buɗe irin taka bayan hunturu. Ƙurar nan mai laushi kamar garin alkama tana bi ta fanka, ta taru tsakanin fankar da haƙarƙarin ƙarfen da ke kan furosesa, ta dunƙule ta zama wani irin tabarma. Sau da yawa da yatsu biyu nake ɗago ta gaba ɗayanta, ba ta ko wargajewa. Daga waje za ka ji fanka tana ihu, ka ɗauka aiki take, alhali iska ba ta wucewa. In ka ɗaga ƙarfen kuma, man da aka shafa tsakaninsa da furosesa tun 2012 ko 2013 ya bushe ya zama ƙanzo, sai an kankare. Wannan furosesar iyakarta digiri 105. Kafin ta kai nan sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, wannan rage gudun shi ne tsinkewar da kake gani. In abin ya ƙi, ta kashe kanta. An ƙera waɗannan na'urori ne don ofisoshi masu sanyi. Mu kuwa a watan Maris da Afrilu, a Garwa ko Marwa ko Kusuri, zafin gari kan kai digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ya fi haka. Tun ba ka kunna ta ba ta riga ta yi asarar digiri kusan 20 a kan 'yar'uwarta da ke Faransa.

Saboda haka aikin farko kusan kyauta ne. Sauke manhajar auna zafi, HWMonitor ko MSI Afterburner, ka yi wasa na minti 20 da azahar, ka rubuta zafin furosesa da na kati. Sannan ka cire filogi, ka fita da ita tsakar gida, ka hure ta. In za ka kai ta wurin mai faci ya hura da injinsa, ka tsaya a kansa: a danne fanka da yatsa kada ta yi ta juyi, kuma a fara hura iskar a gefe, domin tankin injin yakan tara ruwa ya feso shi. Ka goge tsohon man da ƙyalle mai tsabta da ɗan sifirit, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, ka mayar da ƙarfen ka ɗaure kusoshin a gicciye. Man goge baki da man birki da na ji wasu na shafawa, wannan ka bar musu. Bayan haka ka sake aunawa. In furosesa ta tsaya ƙasa da 80 ana cikin wasa, ka samu lafiya. Ka kuma ɗauke ta daga ƙasa ka ɗora kan tebur ko benci, ka ba bayanta tazara daga bango.

Sai maganar wuta, wadda samari ba sa son ji domin ba ta ƙara wa hoto kyau. Arewacin ƙasar nan ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo da ke kan Binuwai, kuma kowa ya san yadda wuta ke yi idan rani ya yi nisa: ta tafi, ta dawo, ta yi ƙasa har ƙwan fitila ya yi ja, sannan ta zo da ƙarfi. Had dis na cikin rubutu a ɗauke wuta, yau da gobe sai ya fara samun tabo. In ba ka da abin daidaita wuta, shi ne sayayyarka ta farko, kafin SSD (sabuwar ma'ajiyar da ke maye gurbin had dis), kafin komai. UPS, wadda a kasuwa za ka ji ana ce mata onduleur, ta fi, domin tana ba ka 'yan mintoci ka kashe na'ura cikin mutunci. Sai dai baturinta ba ya jimirin zafinmu, ka sa a ranka za ka riƙa canza shi. In kuɗi bai kai ba, mai daidaitawa kaɗai ma ya rage asara.

Daga nan SSD. Ban taɓa sa wa mutum SSD a tsohuwar na'ura ya dawo yana ƙorafi ba. Had dis faifai ne ke juyawa, allura na bin sa tana neman abu. In ya yi ƙoƙari ya ba ka megabait 100 zuwa 150 a daƙiƙa, kuma idan fayilolin ƙanana ne a warwatse sai ya faɗi ƙasa warwas. SSD irin ta SATA, wadda ake jonawa da waya irin ta had dis, tana kai wa wajen 550, kuma ba ta da allurar da za ta yi yawo. A wasa irin GTA V, inda kake tsula gudu gari yana buɗewa a gabanka, ita ce ke hana titi ɓacewa. Ba za ta ƙara maka yawan hoto a daƙiƙa ba, kada wani ya ruɗe ka, amma tsaye-tsayen nan da doguwar jira za su tafi. Ka nemi mai inci 2.5, 480GB ko 512GB. Ta 120GB ɓarnar kuɗi ce, tunda FC 24 shi kaɗai 100GB yake nema. Siririyar nan ta NVMe ba ta da gurbi a madabod ɗinka, wato babban allon da komai ke jone a jikinsa, kada ka saye ta. Ramukan SATA na wannan zamanin kuma ba duka ɗaya ba ne, wasu rabin gudun wasu suke, don haka ka sa SSD a mai lamba 0, ka mayar da tsohon had dis wani ramin ya zama rumbun hotuna da bidiyo. Kafin ka amince masa da wani abu mai daraja, duba lafiyarsa da manhajar CrystalDiskInfo. In ya nuna ruwan ɗorawa, kwashe kayanka.

RAM, ma'ajiyar wucin gadi da furosesa ke ɗibar kayan aiki daga cikinta, ba ta buƙatar dogon bayani. Sanda ɗaya kake da ita, ke nan furosesa ta hanya ɗaya take ɗibar kaya alhali tana da biyu. Ka samo wata DDR3 mai 8GB, gudun 1600, ta hannu, ka sa su a gurabe masu launi ɗaya, ka zama mai 16GB. Ka tafi da taka kasuwa a gwada su tare. Akwai masu araha sosai da aka ciro daga manyan na'urorin kamfanoni, a jikin takardarsu za ka ga harafin R bayan lambar, kamar 12800R. Ba za su tashi a taka ba. Mai U kake nema. Kada ka wuce 16GB, domin DDR3 iyakarta wannan na'urar, ba za ta bi ka gaba ba.

Wannan kalmar ta ƙarshe ita ce ma'aunin da nake so ka riƙa ɗora kowace sayayya a kai: ranar da ka bar wannan madabod, abin nan zai bi ka ko zai mutu tare da ita? SSD za ta bi ka. Akwatin wuta mai kyau, wato wanda ke cikin kwamfuta yana raba wa sassanta lantarki, zai bi ka. Katin hoto zai bi ka. Abin daidaita wuta ma haka. RAM ɗin DDR3 da duk wata furosesa mai zama a gurbin LGA1155 ba za su bi ka ba. Jaka 100 wajen Yuro 152 ne, tunda sefa a ɗaure take da Yuro a kan 655.957. Kuɗin ba ya gina sabuwar na'ura, amma yana sayen rabin wadda za ka gina baɗi, in ka kashe shi a inda ya dace.

To, mu zo kan RX 580 ɗin. Kati ne mai ƙarfi, ban raina shi ba. Ya fito a 2017, kuma har yau 8GB ɗinsa na da amfani. Amma wat 185 yake ja, kuma yana neman filogi mai rami 8 kai tsaye daga akwatin wuta. Akwatin da ke cikin doguwar 7010 wat 275 ne gaba ɗayansa, kuma ba shi da wannan filogin, domin ba don gem aka yi shi ba. GTX 750 Ti ɗinka wat 60 ne, shi ya sa suke zaman lafiya, tunda gurbin madabod kansa yana ba da har 75. Mai sayarwa zai ce maka ai akwai 'yar waya da ke juya filogin SATA ya zama mai rami 6 ko 8. Akwai. Filogin SATA wat 54 aka yi shi ya ɗauka, mai rami 8 kuwa 150. Wani yaro ya taɓa kawo mini tasa cikin buhu a kan mashin, yana cewa suna cikin buga ƙwallo da abokansa sai suka ji wari kamar an ƙona leda. Da na buɗe, kan wayar ya narke ya manne da filogin, baƙar robar ta ɗiga kan had dis ta daskare. Allah ya taƙaita, katin ya tsira, amma akwatin wutar da had dis ɗin sun tafi tare da hotunan bikin yayarsa. Ke nan farashin RX 580 na gaskiya shi ne kuɗinsa da kuɗin sabon akwatin wuta.

Ka kuma tambayi kanka me ya sa yake da araha. Shekaru da yawa irin waɗannan katuna su ne jakunan masu haƙar kuɗin intanet na Ethereum, dare da rana ba hutu. A ranar 15 ga Satumba 2022 aka sauya tsarin Ethereum, haƙarsa da katin hoto ta ƙare, sai aka juye su kasuwannin duniya, wasu aka wanke su aka sa musu sabuwar riga da sabon kwali. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ba duka ne matattu ba, na ga waɗanda suka yi shekaru suna aiki lafiya, sai dai fankokinsu sun sha wuya kuma wasu an taɓa musu BIOS, wato 'yar manhajar da ke cikin allonsu wadda ke tayar da su. Akwai kuma wanda ake rubuta wa RX 580 2048SP, wanda aka yi wa kasuwar Sin a 2018; a zahiri RX 570 ne ya ari sunan yayansa. Cikakken RX 580 ƙwayoyin aikinsa 2304 ne, manhajar GPU-Z mai bayyana bayanan kati za ta nuna maka lambar.

Tunda na ambaci GPU-Z, bari in faɗa maka yadda ake sayen kati na hannu, ko daga Duwala ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare ya iso, ko ta Yola da Mubi ya shigo. Gani ya kori ji. Ba a sayen kati a cikin leda. A sa shi a na'ura a gabanka, ka zo da GPU-Z da FurMark a filas ɗinka, ba na mai shago ba. GPU-Z yakan rubuta wa jabun kati alama a gaban sunansa. FurMark kuma, mai ɗora wa kati aiki mai nauyi don gwaji, ka bar shi minti 15 kana kallo: ɗige-ɗige masu launi, layuka, allo ya yi baƙi, fanka mai ƙarar niƙa, ko zafi ya haye 85, duk ka ajiye masa kayansa. Ka juya bayan katin ka duba ko allon ya yi launin toyi a kusa da tsakiya. Wata alama kuma ko kunnawa ba sai an yi ba. An taɓa miƙo mini wani wai GTX 1050 Ti, sabo fil a kwali, ina juya shi na ga ramin VGA, shuɗin nan mai ƙananan ramuka 15. Katunan GTX na jerin 10 sun bar siginar VGA. Tsohon GTS 450 ne na 2010 aka sauya masa suna a ciki. Windows zai nuna maka sunan ƙarya, wasa kuwa da ya nemi abin da babu sai ya rufe. Wannan maganar ta shafe ka ta wata fuskar: in sikirin ɗinka VGA kaɗai yake da shi, ka sa kuɗin 'yar na'urar da ke juya HDMI zuwa VGA a lissafi.

Wane kati ke nan? In ba ka son taɓa akwatin wuta, GTX 1650. Ya fito a 2019, 4GB, wat 75, kuma da yawansu daga gurbin madabod kaɗai suke shan wuta. Na ce da yawansu, domin akwai masu neman filogi mai rami 6, don haka ka duba gefen katin da idonka. RX 580 ya fi shi ƙarfi, ba na musu, amma 1650 ya ninka abin da kake da shi, ba ya dafa ɗaki, kuma UPS ƙarama tana iya riƙe shi. Na fifita shi a kan GTX 1050 Ti da GTX 1060 saboda wani dalili da ba a cika faɗa ba: Nvidia ta daina fitar wa jerin 10 da na 750 Ti sababbin direbobin wasanni, wato manhajar da ke daidaita kati da wasa, daga ƙarshen 2025, sai gyaran tsaro kawai, jerin 16 kuwa yana nan a layi. RX 6400 ma ba ya neman filogi, amma layuka 4 kawai yake amfani da su, a tsohon gurbin PCIe 3.0 irin naka sai ya shaƙe.

In da ni ne kai kuwa, hanya ta biyu zan bi ko da za ta ɗauke ni wata biyu ina ciko. In sayi akwatin wuta na kirki mai wat 500 ko 550, mai tambarin 80 Plus, sannan GTX 1660 Super mai 6GB, wanda wat 125 yake ja. Ka yi sa'a 7010 filogin madabod ɗinta na kowa da kowa ne mai rami 24. Waɗanda suka biyo ta, 7020 da 9020, nasu na daban ne sai da wayar juyi. Akwatin wuta ka ɗaga shi a hannu. Wanda aka rubuta wa wat 650 amma ka ji shi sakayau kamar gwangwanin madara, lambar ado ce. Ka karanta takardar gefensa, layin 12V: amfiya nawa ne, ka ninka da 12, abin da ya fito shi ne ƙarfin da kati da furosesa za su samu. Shi ne abu ɗaya da ba na son ka saya na hannu in da hali, domin in ya mutu ba shi kaɗai yake tafiya ba. Kafin ka biya kuɗin kati kuma, ka auna tsawon wurin da igiya ko tsinken tsintsiya, daga bayan akwatin kwamfutar zuwa ƙarfen da had dis ke zama, ka tafi da ma'aunin kasuwa. Na ga wanda ya sayo mai fanka 3 ya dawo yana neman zarto.

A rabon kuɗin, kati kada ya ci fiye da rabi. Ragowar ya tafi ga SSD, sandar RAM, man furosesa da abin daidaita wuta. In lissafi ya ƙi, kati ne zai jira, ba su ba. Ka ci gaba da 750 Ti wata ɗaya ko biyu, za ka yi mamakin yadda GTA V zai koma bayan shara da SSD. Tsohon GTA V nake nufi. Sabon zubin da aka fitar a Maris 2025 ya ɗaga ma'auni, SSD ma dole ce a wurinsa.

FC 24 kuwa ba zan ɗaukar maka alkawarin da na'urar ba za ta cika ba. Mafi ƙarancin abin da ya nema shi ne i5-6600K ko Ryzen 5 1600, RAM 8GB, da GTX 1050 Ti ko RX 570. Sabon kati zai haye da kai ta ɓangaren hoto, amma furosesarka tsara ta 3 ce, su kuwa ta 6 suka ambata. Yana iya tashi, ka rage masa ado ka buga, amma sa ran ɗan tsinkewa lokacin da aka nuna 'yan kallo ko aka maimaita ƙwallo. Za a ce maka ka sa i7-3770, wadda ita ma ƙwaƙwalwa 4 ce amma tana aiki ta zare 8, wato tana tafiyar da layin aiki 8 lokaci guda. Tana taimakawa. Sai dai masu sayarwa sun san ita ce ƙarshen abin da wannan gurbin ke ɗauka, suna tsuga mata kuɗi, kuma ita ma ba ta da umarnin AVX2 da Intel ta fara sawa a tsara ta 4 a 2013, wanda wasu sababbin wasanni ba sa ko buɗewa in babu shi. Ga Windows 10 da Microsoft ta daina tallafa wa a 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga tsara ta 8 yake karɓa. In ka same ta a kuɗin da ba zai yi maka ciwo ba, musamman in za a karɓi taka a yi ciko, to. In ba haka ba, wannan kuɗin asusun madabod ɗin gaba ne. PES 2021 da ake ta gwabzawa a shagunan gem, yara na rigima kan wa zai ɗauki Kamaru, shi kam na'urarka za ta ɗauke shi ba gumi.

Madabod ɗin gaba da nake nufi ita ce mai gurbin AM4 na kamfanin AMD, irin B450, da Ryzen 5 3600 na 2019 ko 5600 na 2022, dukansu ƙwaƙwalwa 6 zare 12, da DDR4 sanda biyu. Ranar za ka buƙaci sabon akwatin kwamfuta ma, domin wayoyin gaban na Dell da na fankarsa nasu ne na kansu. SSD, kati da akwatin wuta sai ka kwashe su ka juye. In 5600 ka ɗauka, ka tabbata an riga an sabunta BIOS ɗin madabod ɗin, in ba haka ba ba za ta gane shi ba. Sabunta BIOS kuwa, ko a wannan ko a waccan, kada ka kuskura ka fara shi da wutar gari tsirara. A ɗauke ana tsaka da rubutu, madabod ta zama faranti. Ka yi shi a kan UPS mai cikakken caji ko a shagon da ke da sola.

GTX 750 Ti ɗin kuma kada ka yi saurin sayar da shi don jaka 'yan kaɗan. Ka nannaɗe shi a ledar da sabon ya zo ciki ka ajiye a inda ƙura ba ta kai. Ryzen 3600 da 5600 ba su da hoto a cikinsu kamar yadda i5 ɗinka take da shi, don haka ranar da babban katin ya yi gardama, wannan tsohon ne zai nuna maka allo har ka gano inda matsalar take. Ka turo mini lambobin zafin nan biyu, na kafin shara da na bayanta, da hoton takardar gefen akwatin wutarka.